Ragon Baba a Dajin Dindir

Mun bar Gadarif ana idar da sallar asuba ranar Alhamis, mu huɗu a cikin boksi, wato a-kori-kura mai gida biyu: ni, da Baba, da ɗan baffana da ke tuƙi, sai rago. Na lissafa da ragon ne saboda ya fi kowa surutu a hanya.

Baba ya ba saba'in baya, yana dogara sanda, kunnensa kuma ya yi nauyi. Bara aka yi masa aikin yanar ido, kuma tun da ganinsa ya dawo ba shi da zance sai na gandun dajin Dindir. Ya ce da ƙuruciya ya yi ƙodago a gonakin bakin kogin Rahad, yana jin gurnanin zaki daga nesa, amma bai taɓa sa shi a ido ba. Yayata, wadda ke kula da shi tun rasuwar mahaifiyarmu, ta ƙi sam. Sai da na yi sati ina lallashi kafin ta yarda, kuma a ƙofar gida, tana miƙo mini ledar magungunansa, ta ce, “Amana na ba ka. Yadda ka ɗauke shi, haka za ka dawo mini da shi.” Na ce ta kwantar da hankalinta, ai na zaɓa masa masauki na alfarma.

Bari in faɗi yadda na yi zaɓin, domin daga nan aka fara samun matsala. Wuri biyu aka nuna mini a waya. Na farko tsohon sansani ne a tsakiyar gandun, ɗakunan siminti masu ƙofar ƙarfe, kusa da mazaunin askarawan da ke gadin dajin. A hoto fentinsa duk ya ɓare, gadajen kuma irin na asibiti. Na biyu sabo ne, wani ɗan kasuwa ke kafa shi da rani kawai a bakin maya, wato tafkin da ambaliya ke bari bayan damina, inda namun daji ke zuwa shan ruwa. Fararen tantuna, darduma har bakin ƙofa, zanin gado fari fat, ga kuku mai farar hula. Kuɗinsa ya ninka na farkon nesa ba kusa ba. Na zaɓi na biyun, kuma gaskiyar magana hoton da zan nuna wa maƙwabtana a layin masu kayan tarakta shi ne a raina. Na tambayi abinci, na tambayi fanka, na tambayi ruwan zafi, har sabis ɗin waya na tambaya. Ban tambayi ko akwai shinge ba. Ban kuma gaya musu cewa baƙon nasu tsohon manomi ne da ba ya jin magana sai an matso kunnensa ba.

Shi kuma ragon na karama ne, wato sadakar godiya. A gidanmu idan Allah ya yi wa mutum wani alheri, yanka yake yi a raba wa jama'a don godiya. Baba ya yi alwashin zai yanka nasa ranar Juma'a da safe, a wurin da sababbin idanunsa suka fara ganin namun daji. Na san sarai an hana shiga gandun da dabbar gida. Maimakon in gaya masa, sai na sayi tamfol na lulluɓe bayan motar.

Hanya dai irin tamu ce. Muna barin kwalta muka faɗa baƙar ƙasar nan da ke tsattsagewa da rani, mota na tsalle, haƙora na haɗuwa. An gama yankan dawa, gonaki sun koma kara iya ganinka, ga buhuna jibge a bakin hanya, 'yan ƙodago zaune a kai suna jiran lori. A Hawata muka karya da ful, wato dafaffen wake, da burodi, muka sha jabana, gahawarmu ta gargajiya, wajen wata mai shayi da ta ga mu baƙi ne ta ƙara mana kuɗi ba kunya. Wani masunci ɗan uwanmu Bahaushe ya ji kukan rago, ya leƙa ƙarƙashin tamfol, ya tambayi inda muka nufa. Da na faɗa masa sai ya fara dariya, can kuma ya daina. Ya ce, “Ya zol, bawan Allah, rago za ku kai can? To, Allah ya tsare.” Na biya kuɗin jabana na ce mu tafi.

Muka tsallake Rahad ta kan yashi, ruwa sai ɗan kwance-kwance nan da can. Kafin ƙofar gandun na zuba wa ragon dawa a kwano don ya rufe mana baki. Askarin ƙofa ya duba takardunmu, ya leƙo ya ga farin gemun Baba, ya gaishe shi da girmamawa, ya ɗaga mana ƙarfe bai ko taɓa tamfol ɗin ba. Da furfurar ubana na yi fasa-ƙwauri, kuma a lokacin har daɗi na ji.

Da azahar muka isa. Ba zan yi wa wurin ƙarya ba, yadda yake a hoto haka yake. An tarbe mu da zoɓo mai sanyi da tawul mai ƙamshi, Baba ya juya tawul ɗin ya rasa abin da ake yi da shi, ya goge sandarsa. Daga bakin tanti kana hango maya, tazarar ba ta wuce daga gidanmu zuwa masallacin unguwa ba. Gadu na tona da 'ya'yansa, zabi birjik, birai cike da goruba. Sai a nan na lura babu komai tsakanin gadon Baba da dajin sai ƙyalle da zif.

Ba mu gama zoɓon ba ragon ya saki kuka. Mai kula da sansanin da askarin da aka ajiye a wurin suka nufi motar tare. Askarin, wani dogo mai tsagen fuska, ya yaye tamfol, ya daɗe yana kallona. Da Larabci ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce akwai zakanya da ta yi kwana uku tana zagaya mayar nan, kuma kukan rago a wurinta kiran abinci ne. Ba za a yanka a nan ba, ƙarnin jini zai tara mana kuraye. Komawa ƙofa kuma ba zai yiwu ba, kafin mu je mu dawo duhu zai riske mu a hanya. Don haka rago zai zauna a mota a rufe, gari na wayewa mu fita da shi, kuma kada kowa ya wuce igiyoyin tantuna da ƙafa, ko da taku goma ne.

Baba na tsaye yana gyaɗa kai, yana cewa, “Tamam, tamam.” Na san wannan gyaɗa kan, shi yake yi wa liman da likita idan bai ji komai ba. Abin da ya kamata shi ne in matsa kunnensa in maimaita da ƙarfi. Amma ta yaya zan tsaya gaban baƙi ina daka wa ubana tsawa, ina kafa masa doka kamar yaro? Kunya ta hana ni. Na ce a raina anjima in mun keɓe zan gaya masa.

Bayan la'asar ya kwanta, na ga numfashinsa ya daidaita, na tafi tantin cin abinci ɗaukar hoto. Na ɗauki tebur, na ɗauki fitilu, na ɗauki kaina riƙe da kofi. Rana ta yi ja lokacin da na koma. Gado wayam, babu sanda. Na leƙa waje na ga murfin bayan boksi a sauke, tamfol a naɗe tsaf a gefe, yadda Baba ke naɗe komai.

Nan take na gane. Manomi ba ya barin dabbarsa ta kwana da ƙishirwa. Shekara sittin yana kai dabba ruwa kafin faɗuwar rana, ga ruwa kuma yana gani da idonsa. Ga sawun kofato, ga ramukan sanda, sun miƙe zuwa maya.

Na zabura zan ruga, askarin ya damƙi wuyan jallabiyata ta baya. Ya ce, “Kada ka yi gudu. Kada ka kira shi.” Sai a lokacin na ji biran suna wani irin haushi a saman goruba, zabin kuma sun ɓace. Ya nuna mini da haɓa. Can bakin ruwa ga Baba da farar rigarsa, ya ba daji baya, rago na sha. Daga hagunsa, cikin busasshiyar ciyawa, na ga kunnuwa biyu. Na daɗe kafin idona ya haɗa sauran jikin. Tana kwance, cikinta manne da ƙasa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali igiyar ce. Baba ba ya riƙe igiya a tafin hannu, naɗe ta yake yi sau uku a wuyan hannu don dabba kada ta fizge. Idan zakanyar ta ɗauki ragon, da shi za ta ja.

Na ce wa askarin ya harba mana. Ya ce Baba na daidai saitin bindigar, kuma ƙarar na iya sa ta zabura maimakon ta gudu. Mota ce dabara, namun nan sun saba da mota, ba sa ɗaukarta a bakin komai. Ɗan baffana ya tayar da motar. Askarin ya hau baya da bindiga. Ni na zauna kujerar baya na buɗe ƙofa kaɗan, na zaro wuƙar yankan da Baba ya wasa tun a gida.

Ban taɓa ganin tafiya mai nisan wannan ba. Mota na rarrafe, ba hon, ba taka mai, ƙasar bakin mayar kuma da danshi, ina jin taya na nitsewa tana fita. Ina ta maimaita hasbunallahu. Saura kaɗan mu isa iska ta juya, ragon ya ɗago kai, ya fizga. Sandar Baba ta faɗi, ya zube kan gwiwa ɗaya, amma bai saki ba, faɗa ma yake yi wa ragon. Ciyawar ta motsa.

Ɗan baffana ya sako motar tsakaninsu. Na diro na kama hannun Baba.

“Baba, saki igiyar!”

“Kai, lafiya? Ragon karama ne, ina zan sake shi?”

“Na ce ka saki!”

Ban san ina da irin wannan muryar ba. Na sa wuƙa na datse igiyar, na rungumo shi ta hammata na jefa shi cikin mota kamar buhun dawa, hularsa ta faɗi a laka. Ragon ya yanki ciyawa da gudu, daidai inda bai kamata ba. Ba zan ba ku labarin abin da ya biyo baya ba. Kuka ɗaya ya yi. Baba ya ga komai ta gilashi, ya yi salati, ya ce a hankali, “Ashe haka take.”

Kafin duhu ya rufa askarin ya sa aka kwashe mu zuwa tsohon sansanin da na raina. Na tura ƙofar ƙarfen nan na ja sakata, na dubi ɓararren fentin, wallahi ban taɓa ganin ɗaki mai kyansa ba. Da safe aka rubuta mini takardar karya doka, na sa hannu. A hanyar fita muka ci karo da garken ɓauna suna tsallake hanya, baƙi ƙirin, sun fi ƙarfin ƙirga. Baba ya kalle su har na ƙarshe ya shige, amma ni ko kallo ban samu ba. Haka muka wuce Hawata, haka muka hau kwalta.

Ga duk mai niyyar irin wannan hutu, abin da na koyo kaɗan ne. Kafin ka dubi zanin gado, dubi mutumin da za ka kai. Tantin bakin ruwa na mai lafiyar ƙafa da kunne ne. In da tsoho ko mara lafiya, nemi bango da ƙofa da askari kusa, ka gaya wa masu wurin gaskiyar wanda ke tare da kai. Dokar daji kuma ba a yi mata wayo, ni na gwada.

Mun iso Gadarif bayan la'asar ranar Juma'a. Yayata ta riƙo hannun Baba za ta sauko da shi, ta ga shatin igiya ya kumbura ya yi baƙi a wuyan hannunsa. Ta ɗago ta dube ni. Baba ya ce, “Ni na fita da ƙafata. Je ki kawo mini ruwa.” Tana shigewa ya zauna a dakalin zaure, ya yafito ni.

“Tunda na haife ka ba ka taɓa ɗaga mini murya ba.”

Na durƙusa na ce, “Ka gafarce ni, Baba.”

“Askarin nan, da rana, me ya ce?”

Na matsa kunnensa na gaya masa duka, tun daga zakanyar har dokar hana fita. Ya murza hannun.

“Kuma ka ji, ka bar ni ina gyaɗa kai.” Ya girgiza kai. “Da tun a lokacin ka ɗaga muryar, ya waladi, ɗana, da ba ka sha wahalar ɗaukata ba.”

Tsawar da na yi masa a bakin ruwa ya yafe tun a zauren. Shirun da na yi da rana ne har yau ni na kasa yafe wa kaina.