Tatsuniyar da Almu Bai Ji Ƙarshenta Ba

Ƙanena Almu, wanda duniya ta sani da Farfesa, ya ƙare rayuwarsa yana tattara tatsuniyoyin ƙasar Hausa, amma akwai guda ɗaya ta cikin gidanmu da ya tsufa bai ji ƙarshenta ba. Ni ke riƙe da shi. Ban yi boko ba, jikata ke rubutawa ina faɗa, amma abin da ya shiga kunnena bai taɓa zubewa ba.

Gidanmu a Illela gidan malamai ne. Zaure na Baba ne da littattafansa, cikin gida kuwa na Kaka Tumba, mahaifiyarsa. In an gama girbi sanyi ya sauko, da an ci tuwo sai ta sa a tura kara a wuta, ta zauna da audugarta da mazari. Mu kewaye ta, kowa ya binne gujiyarsa cikin toka. "Ku gyara zama," takan ce, "baƙuwa ta sauka, ba ta son mai gyangyaɗi." Tana da doka guda: da zare ya cika mazari, bakinta ya rufe, ko da kura na bisa mutum. Sai gobe. Almu har addu'a yake yi zaren ya tsinke.

Wata shekara ta ɗauko mana labarin wani mai haƙar rijiya. Ruwan garinsu ɗaci gare shi, uwarsa kullum ta sha sai ta yamutsa fuska. Ya rantse ba zai zauna ba sai ya kawo mata ruwan daɗi. Ya shiga duniya da dagi da gora. Duk inda ya haƙa, ruwa ya fito garai-garai, mutane su taru su kafa gari. Amma in ya cika gora ya nufi gida, kafin ya hango ganuwa ruwan ya koma ɗaci. Ya zubar, ya ƙara gaba. Haka har furfura ta rufe masa kai. Ran nan ya ce ya gaji, zai koma ko da hannu wofi. Ya iso ƙofar garinsu, ya ɗaga ƙafa zai shiga, sai mazari ya cika.

"Kaka, don Allah," in ji Almu.

"Don Allah mi? Zarena ya cika. Tashi, mijin banza, gobe ma rana ta."

Washegari Baba ya iske shi a zaure ya tara yara yana ba su labarin, alluna na jingine. Bai doke shi ba. Ya ce da ma ya isa barin cikin mata. "Ɗan gidan ga ba ya cika kainai da ƙaryar tsohi. Daga yau tatsuniyar gidan ga ta haramta ga kunnenka." Aka mayar da shimfiɗarsa zaure. Mu muka ji ƙarshen labarin a wannan maraicen, shi bai ji ba. Kaka ba ta ga wani girbin ba.

Almu ya sauke, ya yi boko a Sakkwato, ya shiga jami'a. Da aka ce ya zaɓi abin da zai ƙware a kai, sai ya zaɓi maganar tsofaffi. Ya bi ƙauyuka da rikoda, daga Garu da Gidan Katta ya ƙetara Ƙonni, ya shiga Adar, ya zaga Gobir. Yana durƙusawa gaban tsohuwar da ko jikokinta sun daina saurara, ya kira ta malama. Ya rubuta littattafai kan tatsuniya da waƙoƙin niƙa da karin magana, har ana koyar da yara da su. Waɗanda ya karantar sun zama farfesoshi. An kira shi ƙasashen da ban iya faɗin sunansu ba. In ya zo gida da sabon littafi, yakan ajiye gaban Baba da hannu biyu. Baba ya tura shi gefen buzu, ya tambaye shi ya hanya.

Ya ɗebi tatsuniyar kowane gida, ban da namu. Bayan rasuwar Baba na ce masa, "Almu, zamna in ƙarasa maka." Ya ce, "Yaya, wanda ya ɗaure bai kwance ba."

Da ya ajiye aiki ya dawo Illela, ƙafafu sun fara ƙi. Wani yammaci ya iske ni ina hura wuta, ya zauna daga nesa kamar baƙo. Ya ce, "Yaya, mutanen jami'a sun yi mani taro, sun yabe ni har na ji kunya. Mutum guda nike son shi ce madalla, ya tahi bai ce ba."

Sai na ba shi labarin wata rana a ƙarshen rayuwar Baba, bayan idanunsa sun tafi. Na kai masa fura, rediyo na buɗe, aka sako muryar Almu yana bayanin yadda mace ke faɗa wa dutsen niƙa abin da ba ta iya faɗa wa mutum. Baba ya dakatar da tasbaha. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Wanga mutum ya san darajar magana. Allah shi yi mai albarka."

"Ya gane muryata?" in ji Almu.

"Ban sani ba. Shi ya sa ban hwaɗa maka ba tuntuni. Ni ba ni ba da abin da ban auna ba."

Ya ja tabarmarsa ya matso kusa da wuta. "Ƙarasa mani, Yaya."

Na ɗauko daga inda Kaka ta ajiye. Mai haƙar rijiya ya shiga gari ya iske kango, kowa ya tashi. Wani makiyayi ya ce masa ai sun bi ruwan daɗi. Ya bi sawu har rijiyar farko da ya haƙa, ya iske wata makauniyar tsohuwa a bakinta. Uwarsa ce. Ta miƙa masa ƙwarya ta ce, "Sha, baƙo. Wani bawan Allah ya haƙa ta. Ban san shi ba, amma kullum sai na sa mai albarka." Ya karɓa ya sha, bai ce mata shi ne ba.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Ni ma na yi ma Kaka gardama, na ce don mi bai hwaɗa mata ba. Ta ce, uwa ko ɗanta rago na, sai ta sa mai albarka. Wagga kuwa aikinai ya jawo mai ita."

Almu ya share ido da bakin rawani. Ya ce ya ji wannan labarin a garuruwa da dama. A wani wuri mutumin ya zama sarki, a wani ya mutu kan hanya. Bai taɓa jin inda ya yi shiru ba. Sannan ya ce in ba shi gujiya, in da saura.

Da damina ta kewayo muka kai shi makwancinsa, kusa da Baba.

Ina yarinya na ɗauka labarin haƙuri Kaka ta ba mu. Yanzu in na zauna ni kaɗai, ranar rediyon nan nake juyawa. Wani lokaci in ce Baba ya gane muryar, taurin kai irin na gidanmu ya hana shi kiran suna. Wani lokaci in ce bai gane ba, baƙo ya ji yana magana, maganar ta kai masa har zuci. Da, na farkon nake so ya zama gaskiya. Yanzu da na kai shekarun Kaka, na biyun nake yi wa Almu fata.