Geron da Na Kai Maamobi

An ɗan kwana biyu da faruwar abin nan, kuma ban rubuta komai ba a lokacin, don haka mai yiwuwa wasu abubuwan sun cakuɗe mini. Zan faɗi iya abin da na riƙe.

Ban daɗe da gama karatun aikin gona ba aka tura ni Accra, taron matasa manoma na 'yan kwanaki. Ranar da zan tashi, Inna ta damƙa mini ƙullin gero na gonar mahaifinsu, ta ce in kai wa ƙaninta da ya tafi Gana tun ba a haife ni ba. Sun daɗe ba su ji ɗuriyar juna ba. Saƙonta gajere ne: "Ka ce masa ba a raba gonar ba. Ya dawo mu ga juna."

A zauren taro ana ta maganar iri da ban-ruwa, ni kuwa hankalina yana kan ƙullin da ke jakata. Na ji nauyin fita ana tsakiyar zama, tunda aiki aka turo ni. Sai da aka rufe taron na hau trotro, ƙaramar bas ɗin haya, zuwa unguwar Maamobi. Abin da Inna ta sani kawai shi ne a unguwar Kawu yake, kuma albasa yake sayarwa. Wata mai sayar da waakye, shinkafa da wake irin nasu, a bakin titi, in ban manta ba, ita ta gane kwatancen. Ta dube ni ta ce, "Bi lungun nan, za ka ji lasifika."

Na tarar an kafa rumfuna sun tare hanya, kujerun roba jere, mata cikin anko, manyan tukwane bisa wuta. A garinmu zaman makoki tabarma ce da shiru, don haka na ɗauka biki na tarar. Har na ji daɗi. Na durƙusa gaban wani dattijo na ce, "Baba, Allah ya sanya alheri. Ɗiyar gidan ake aurarwa?"

Ya dube ni ya ce, "Kai baƙo ne?"

Na ce daga Najeriya nake, ɗan yayar mai gidan ne.

Ya kama hannuna ya zaunar da ni. "Addu'ar bakwai ce, yarona. Ta mai gidan."

Aka kai ni wurin matarsa. Hausarta gauraye take da yaren Twi, ga ƙarar lasifika, amma na fahimci yawancin maganar. Na faɗa mata saƙon Inna yadda aka ba ni, tunda ba ni da wanda zan faɗa wa kuma. Ta kwance ƙullin, ta sa yatsu a ciki, ta ce, "Ei, ɗana. Za mu yi masa maasa, wainar sadakar arba'in, da shi."

Daga nan ta ja ni bayan ɗaki, kusa da kwata, ta nuna mini wani tsohon bokitin fenti da busasshen kara a ciki. Ta ce duk damina sai Kawu ya yi shuka a ciki, yana fama da awakin unguwa a kansa, bai taɓa cin ko ƙwaya ba.

Washegari na hau jirgi. Da na faɗa wa Inna rasuwar ba ta yi kuka ba, sai da na zo kan bokitin. Ta ce, "Gero ne?" Na ce gero ne. Har yau shi take ba mutane labari, cewa ɗan'uwanta bai manta gida ba.

To ni idona cike yake da hawaye a lokacin, kuma an riga an sare kan karan. Yana iya zama masara. Ya kamata in bambance, karatuna ke nan, amma ban duba da kyau ba.

Idan akwai wanda ya zauna a rumfunan nan, ko maƙwabcin da ya ga shukar tana ɗanya, ina roƙo ya gyara mini duk inda na kuskure, musamman wannan. Ni zan san yadda zan faɗa wa Inna.