Ɗanyen Wake a Kududdufin Baba

Har yau ba na cin awara. In an tambaye ni sai in ce ƙwannafi take sa ni, amma gaskiyar ita ce waken ne ba na son gani.

Babanmu makiyayi ne. Da shanu suka ƙare ya dawo da mu cikin Bauchi, Hausarsa a karkace, mace ma "ya zo" yake ce mata. Ƙaninsa, wanda muke kira Baffa, shi aka kai boko tun yana ƙarami, aka bar Baba da sanda. Baffa ya yi aikin gona na gwamnati har ya samu gida a GRA, kuma in yana magana sai ka rantse bai taɓa taka kashin saniya ba.

Suna da gonar gado a gefen Zungur, mai ruwa a gindi. Baba ya haƙa kududdufi a ciki, ya zuba 'ya'yan karfasa. Dangi suka yanke cewa in ya fitar da kifin kirki gonar ta zauna a hannunsa, in ya kasa Baffa ya karɓa. Ita kaɗai ta rage masa a duniya.

Abincin kifi na buhu ya fi ƙarfinmu, sai Baba ya je neman shawara wajen ƙaninsa, na raka shi. Baffa, wanda Hamma yake ce wa yayan nasa da Fillanci, ya ce, "Hamma, ai yanzu an daina wahala da garin kifi. Waken soya za ka samu, ka niƙa, ka haɗa da dusar masara da ɗan ƙuli."

"Shi ke nan?" in ji Baba.

"Shi ke nan."

Da kunnena na ji, wallahi. Abin da bai faɗa ba shi ne ɗanyen waken nan yana hana cikin kifi amfana da abinci, sai an soya shi a kasko kafin a niƙa. Wannan kuwa Baffa ya san shi kamar yunwar cikinsa.

Baba ya riƙi kifin nan kamar maruƙa. Kullum da safe yana bakin ruwa, yana watsa musu gari, yana yi musu irin kiran da yake yi wa shanu. Suna ci kuwa, ba sa ragewa. Damina ta wuce, kaka ta shigo, in ya kamo ɗaya ya duba sai ya ce ƙila irinsu ne mai jinkiri.

Ranar kwashewa Baffa da kansa ya kwaso dangi a mota, har da waɗanda ba mu gayyata ba. Aka ja komar kamun kifi. Abin da ya fito bai fi ganyen mangwaro ba, kai ƙato, jiki duk ƙaya. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Baffa ya ɗebi garin a buhu, ya shinshina. "Hamma, ɗanye ka ba su?"

"Ai kai ka ce..."

"Me na ce? Wake, soya. Soya. Sunan ma da kansa yana gaya maka abin da za ka yi." Ya juya ga mutane, ya kwaikwayi muryar Baba: "Kifi ta ƙi girma, ruwa ta cinye." Aka tuntsire da dariya, har da waɗanda suka sha nonon shanunmu suka girma.

Na ce, "Baffa, ka ji tsoron Allah, ina wurin ranar." Goggonmu ta doke min baki, wai 'ya ba ta ƙaryata ƙanin ubanta a gaban jama'a. Baba ko kallona bai yi ba. Cewa ya yi, "Laifin kunnena ne, a yi haƙuri." Wannan haƙurin ya fi marin yi min ciwo, kuma har gobe ban yafe wa kowa a wurin ba.

Nan take aka ce gona ta koma hannun Baffa. Da za a watse direbansa ya buɗe bayan mota zai sa bokitin kifi, wai a kai wa kaji. A ciki na hango sabon kasko, rabin duro ne aka yanka, waldar ko tsatsa ba ta yi ba, ga doguwar muciyar ƙarfe a gefe. Baba ma ya gani. Ya matsa, ya shafa bakin kaskon da hannunsa mai laka.

Ya ce, "Wannan na soya ne?"

Baffa ya rufe motar. "Na soya ne, Hamma. Ka ga yanzu ka fara jin Hausa."