Na cika wa geron Kaka tiya

Auta, in kin ga wannan a Yamai, ki yi haƙuri!

Jama'a, ɗiyata karatun ƙwayoyin halitta take, ordinatar, wato kwamfuta, ke faɗa mata asalin kowane iri. Ta ce in aika mata tsohon geron kakarta na Dungas. Ƙulli ɗaya ya rage. In aika birni da ɗan ƙulli? Abin kunya! Sai na cika tiya da geron kasuwar Magariya.

Jiya ta kira: "Inna, geron Kaka ubansa nawa? Ordinatar ta ce dangi huɗu ne!"

Na ce, "To ki tsince mana."

Ta kashe waya.

Don Allah wa ke da ragowar irin nan? Jarrabawarta ce a kai. Ku tsaya, ana buga ƙofa, Allah Ya sa mai iri ne…