Mun Zo Gaisuwarki, Mama Rifkatu

Ranar Talata, shida ga watan Mayu na 2025, Allah ya yi wa Mama Rifkatu Ɗantsoho rasuwa a nan Daura, bayan gajeriyar jinya. A makaranta labarin ya iske ni. Da na dawo gida, ni na sanar da yayata Ikilima da hannu, domin ba ta ji kuma ba ta magana tun da sanƙarau ya kama ta tana ƙarama.

Mama, kin san ni da kunya, ko a shagonki gaisuwa kawai nake yi in sunkuyar da kai. Amma Ikilima ba za ta iya faɗin abin da ke ranta ba, saboda haka ni zan faɗa.

Kafin mu san ki, Iya, mahaifiyarmu, ta kai ta wurin teloli da yawa, kowa ya ce ba a koya wa kurma ɗinki. Ke kika kama tafin hannunta kika ɗora a jikin keke, kika taka. Ta ji yadda yake motsi idan zare na tafiya daidai. Sai kika harɗe zaren da gangan, kika sake takawa. Ikilima ta zaro ido, ta yi dariya, irin dariyar da muka daɗe ba mu gani ba. Haka kika koya mata, da haƙuri, har ta kai yau mata na zuwa daga Mai'adua su kawo mata ɗinkin biki.

Iya ta taɓa tambayarki dalilin wannan wahala a kan marayu da naƙasassun da ba naki ba. Kika ce, "Iya, Almasihun da nake bi bai taɓa wuce kurma a hanya ba. Ni ba ni da ikon buɗe kunne, keke kawai nake da shi." Ba ki ɓoye addininki ba, ba ki kuma taɓa namu ba. Tabarma da buta kika ajiye a bayan shago. Idan an kira azahar sai ki tafa hannu, ki taɓa kafaɗar Ikilima, ki ce, "A tashi, 'yan mata, ba za a ce a shagona kuka yi asarar salla ba."

Duk da haka, da kika rasu, Kawu Munzali, wan mahaifiyarmu, ya zo gida ya ce kada wanda ya taka ƙafa zuwa zaman makokinki. Ya ce me mutanen unguwa za su ce idan suka gan mu a gidan Kirista. Ikilima ba ta ji shi ba, amma ta ga yadda ya tare ƙofa. Ta zauna da mayafinta a hannu, ta ƙi cin abinci.

Na tambayi malaminmu na Islamiyya, ya ce maƙwabci yana da haƙƙi, kuma yi wa mai rashi jaje ba laifi ba ne. Na gaya wa Iya a gaban Kawu. Iya ta miƙe ta ce, "Yaya, lokacin da yaran unguwa ke jifan 'yata suna kiranta bebiya, me mutanen suka ce? Ba ni hanya."

Mun zo, Mama. Da rana tsaka muka bi ta bakin kasuwa, kowa na kallo, kuma babu wadda ta rufe fuska a cikinmu. Ikilima ta durƙusa gaban maigidanki, Baba Ishaya, ta dafa ƙirjinta, ya gane, ya yi kuka. Har yau Kawu bai amsa gaisuwata ba. Ina girmama shi, zan ci gaba da gaishe shi kowace safiya, amma ba zan ba da haƙuri a kan wannan tafiya ba.

Allah ya ga abin da kika yi, kuma gare shi muka bar ki, mai rahama da ba ya tauye ladan kowa. Allah ya ba Baba Ishaya da 'ya'yanki da jama'ar majami'arku haƙurin wannan rashi, ya ba ɗalibanki juriya. Ranar da za a tashi daga zaman makoki ma za mu dawo, ni da Iya da Ikilima, ta wannan hanyar.

Siddiƙa Sha'aban, aji biyar na sakandare, Daura.