Jitar Baba da Masassaƙan Bayan Minjibir

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya, ni da ƙanena, da jita naɗe cikin tsohon bargo. Jitar Baba ce. Tun yana ɗalibi a kwalejin horon malamai ya saye ta, mun kuma tashi muna jin yana kaɗa ta a tsakar gida ranar Asabar da hantsi. Wata uku da suka wuce ya samu shanyewar ɓarin jiki. Yanzu ya fara samun sauƙi, likita ya ce a nema masa abin da zai riƙa motsa yatsu da shi, shi kuwa ya ce a ɗauko masa jitarsa. Abin da bai sani ba, ranar da muke gyara masa ɗaki kafin a sallamo shi daga asibiti, jitar ta suɓuce mini daga kan kwaba, wuyanta ya rabu da jikinta. Sati biyu ina ce masa tsirkiya nake nema.

Kafintoci uku na kai wa a birni. Biyu suka ce in yar da ita, na ukun ya ɗauko ƙusa da guduma, na fizge kayana na fita. Wani mai sayar da kayan kiɗa ne ya kwatanta mini wani gida a ƙauye, bayan Minjibir.

Kuɗin mota ya kusa ninka na bara, kwandasta kuma ya rantse sai jita ta biya kujera. Na biya. Ita ta samu gefen taga, mu muka matse a tsakiya. Wata tsohuwa a bayanmu ta leƙo ta yi mini sannu, ta zaci yaro ne ba lafiya. Damina ta yi kyau bana. Gero ya fitar da kai, gyaɗa ta rufe ƙasa, gonaki sun manne da gidaje har ba ka gane inda wani gari ya ƙare wani ya fara. Sai dai ni rabin hankalina yana kan ramukan hanya, duk wanda muka faɗa sai na dafe bargon.

A Minjibir muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan can ya yi biyun na birni, kuɗin kuma ɗaya. Daga nan sai babur. Ruwan daren jiya ya yanke hanya a wani kwari, dole muka sauka muka tuɓe takalma, na ɗora jitar a ka na tsallaka, 'yan babur suna yi mini dariya.

Gidan bai bambanta da maƙwabtansa ba sai ka shiga zaure. Garayu da molo da gurmi rataye a bango, a gefe kuma jita biyu da ba a shafa wa komai ba, ƙamshin ɗanyen katako ya cika wurin. Maigidan, Malam Idi, dattijo ne siriri. Babban ɗansa Habu, wanda shi ma magidanci ne, shi ya yi mana shimfiɗa.

Malam Idi bai taɓa jitar ba sai da muka sha ruwa ya tambayi mutanen gida. Yana kwance bargon yana ba mu tarihi. Kakansa garaya yake sassaƙa wa maharba. A zamanin mahaifinsa wani soja ɗan garin ya dawo da fasasshiyar jita, mahaifin ya kwance ta gaba ɗaya, ya auna kowane ɓangare da zare, ya yi wata irinta. Ta farkon, in ji Malam Idi, ƙararta kamar ana buga akwati, sai a ta huɗu ta yi murya. Har yau manoma ne, aikin zaure sai an dawo daga gona.

Habu ya zaga da mu bayan gida. Da maɗaci suke yin wuya da baya, kanya kuma inda yatsu ke dannawa saboda taurinta. Katakon sai ya shekara uku a rumfa kafin a sa masa zarto. Gefen jita kuwa, jiƙa katakon ake yi a lanƙwasa shi a jikin bututun ƙarfe mai garwashi a ciki. Gam ɗinsu ma na gida ne, mahaifiyar Habu ce ke dafa shi da fatar saniya, kuma ba ta yarda kowa ya taɓa mata tukunyar.

Da muka dawo zaure muka tarar Malam Idi yana ƙwanƙwasa jikin jitar da ɗan yatsa, kunnensa a jikinta. Sannan ya ɗago ya dube ni.

“Bayan ta faɗi, wa ya taɓa ta?” ya tambaye ni.

“Babu kowa, Malam.”

“To ka taimake ta. Itacen bai karye ba, tsohon gam ne ya saki.”

Na yi hamdala. Ya ce amma da damina gam ba ya saurin kamawa, sai ta kwana a ɗaure. Habu ya shafa gam a mahaɗin, ya ɗaure ta da igiya. Muka kwana mu ma, bayan an cika mu da dambu da zogale.

Washegari Habu ya kwance igiyar, ya ɗaura sababbin tsirkiyoyi. A nan na faɗa musu halin da hannun Baba yake ciki. Malam Idi ya ce da na faɗa tun jiya. Ya sa aka sassauta tsirkiyoyin, ya zare ɗan ƙashin da suke hawa kai, ya goge shi kaɗan kaɗan har suka kwanto kusa da wuyan, yadda ko yatsa mara ƙarfi zai iya danna su.

Da la'asar muka iso gida. Na durƙusa gaban Baba na faɗa masa gaskiya tun daga kan kwaba. Ya juya jitar ya duba mahaɗin, ya ce, “Ai na san ba tsirkiya ba ce. Jira nake ka gaji.” Sannan ya ɗora yatsunsa. Sau biyu sautin ya fita a shaƙe, a na uku ya fita tas. Inna ta fito daga madafi da ludayi a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa.

Na koyi cewa gwanin da kake nema a birni wataƙila yana ƙauye da fartanya a kafaɗa, kuma ɓoye ɓarna ya fi gyaranta wahala. Yanzu kullum bayan la'asar Baba yana zaune da jitarsa. Jiya ya kai ƙarshen waƙa guda bai tsaya ba.