Zanen da Na Nuna Ya Ɓata Auren 'Yar Mutane

Assalamu alaikum Edita. Lokacin da abin nan ya faro ina ɗan shekara talatin da 'yan kai, ina aiki a ofishin wani mai zanen gine-gine a Kano. A gida Kazaure kuwa injiniya ake ce min, na yi ta gyara wa mutane har na haƙura na karɓi sunan. Na ɗan taɓa yawo, Legas, Yamai, Kwatano duk na sha ruwansu, kuma duk inda na zauna sai an ji labarin. Ina da surutu, ina son yabo. Su suka kai ni suka baro.

Wani Alhaji mai fataucin hatsi da dabbobi a wajen Babura ya ba maigidana aikin gida, maigida ya tura ni duba fili. Da muka keɓe, Alhaji ya rage murya ya ce yana da ƙane da ya samu taɓin hankali tun yana saurayi. Ba ya dukan kowa, amma in abin ya motsa yakan buga kansa a bango, ko ya fita bai san inda za shi ba. Shekaru yana can ƙetaren iyaka wajen dangin mahaifiyarsu, mutanen gari sun ɗauka kiwo yake. Yanzu tsohuwa ta ce a dawo mata da ɗanta ta riƙa ganinsa kafin ta bar duniya. Alhaji bai ce in rufa masa asiri ba. Yadda ya rage muryar nan ya ishi mai hankali.

Na zana masa ɗaki can ƙuryar gida, bango ba kusurwa mai kaifi, tagogi a sama, da 'yar farfajiya mai dalbejiya. Na kuma buɗe ƙaramar taga daga ɗakin tsohuwa, tana kan sallayarta tana hangen ɗanta. Wallahi har yau ban yi aikin da ya kai wannan ba. Maigidana ma, wanda yabonsa sai shekara-shekara, ya ce madalla, ya sa hannu a zanen tunda aikin ofishinsa ne.

Bayan shekara biyu na bar shi cikin mutunci don in tsaya da ƙafata. Na haɗa kundin ayyukan da zan riƙa nuna wa masu son gini, na sa gidan Alhaji a shafin farko: zanen ciki, hoton ƙofar gida, sunan gari, da bayani a ƙasa kan wanda aka yi ɗakin dominsa. Ban tambayi maigidana ba, ban tambayi Alhaji ba. Hujjata ita ce hannuna ya zana.

Wata ranar Asabar wani dattijo a Kazaure, tsohon ma'aikacin gwamnati, ya kira ni zai yi gini. Na buɗe kundi, na gyara zama, na ba shi labarin ɗakin nan tiryan-tiryan, har da tagar tsohuwa. Ya daɗe yana kallon hoton ƙofar, sannan ya tambaye ni ko gidan mai hatsin nan ne na Babura. Na ce ƙwarai, ina murmushi. Ya tambaya ko ƙanen uwa ɗaya uba ɗaya ne, na ce haka aka gaya min. Ya rufe kundin ya ce zai neme ni. Ashe ɗan wansa ne ke neman babbar 'yar Alhaji, an kai gaisuwa, kuma shi aka ɗora wa binciken asalin gidan. Kun san mutanenmu da zancen taɓin hankali a dangi. Kafin wata ya ƙare sun aika cewa sun janye.

Maigidana ne ya kira ni. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da na fi jin sauƙi. Ya ce Alhaji ya yi masa waya ya tambaye shi abu ɗaya, ko haka ofishinsa ke yi da gidajen mutane. Ya ce in shiga mota. Muka kama hanya daga Kano har Babura.

Alhaji ya karɓe mu a zaure, aka kawo fura, ba wanda ya taɓa. Na durƙusa na ce ranka ya daɗe na yi kuskure. Ya ce ba ya jin kunyar ƙanensa, cuta ce Allah ya ɗora masa, kuma da niyyarsa ya gaya wa surukan da bakinsa, a lokacin da ya zaɓa, ni na riga shi. Ya ce nasa ɓangaren ya yafe. Amma yarinyar da abin ya faɗa wa, ita ke kai wa baffan nata abinci safe da yamma, kuma tun ranar da aka janye ba ta yi maganar da kowa ba. Yafiyarta ba a hannunsa take ba, shi kuma ba zai kira min ita ba.

Na yage shafin a ranar, amma me ya gyara? 'Yan uwana masu zane, musamman matasa masu haɗa kundi don neman aiki, na san kuna son a ga gwanintarku, ni ma na so. Zanen gidan mutum cikinsa ne ya buɗe muku. Ku tambayi ofishin da kuka yi aikin a ƙarƙashinsa, ku tambayi mai gidan, ku cire sunan gari da duk abin da za a gane shi da shi. In an ce a'a, ku haƙura ko da shi ne mafi kyawun aikinku. Ni yanzu furfura ta fito min, na gina gidaje da yawa, kuma har yau ban san ko yarinyar nan ta yafe min ba.